Filin Mota da Direba: Siririn Kukan da Mota Ke Yi Idan An Taka Totur

A cikin dukan ƙarar da mota take yi, babu wadda ta fi yaudarar direba kamar siririn kukan nan mai kama da na sauro, wanda yake tashi idan an taka totur, ya kuma lafa idan an ɗaga ƙafa. Ba ya hana mota tashi da safe, ba ya rage mata gudu, sau da yawa kuma ba ya kunna wata fitilar gargaɗi a gaban direba. Saboda haka sai mutum ya saba da shi, kamar yadda maƙwabcin injin niƙa yake sabawa da ƙararsa har ya daina ji. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Duk inda aka ji wannan kuka, to akwai ƙarfe biyu da suke gugar juna a wurin da ya kamata mai ya raba tsakaninsu, ko kuwa iska ce take kutsawa ta wata kafa wadda ba hanyarta ba ce.

Wannan magana ta shafi kowane mai mota a ƙasar nan, amma ta fi shafar direbobin da suke jigila a wurare irin su Auna, cikin Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja, a ƙasar Sarkin Sudan na Kontagora. Ƙasa ce ta noma, ga kuma Tafkin Kainji a yamma da ita tun da aka gama madatsar ruwa a 1968. Motar da ta taso daga can ba ta tasowa wayam: ko buhunan dawa da masara da wake da gyaɗa, ko kwandunan busasshen kifi, ko fasinjoji a cushe. Kafin ta kama hanyar da ta bi ta Salka da Ibeto zuwa Kontagora, ta riga ta sha jar ƙasa da gargada a hanyoyin ƙauyuka, da rani ƙura, da damina rafuka. Nauyi da ƙura da ruwa kuwa su ne manyan abokan gaban boris da haƙoran giya. Idan abu ya lalace a tsakiyar daji, kayan gyara na kirki sai an je Kontagora, wani lokaci ma sai an aika Kaduna ko Kano. Kafin su iso kasuwa ta watse, kifi ya fara lalacewa, ga shi kuwa kwanan daji ba abin so ba ne a shekarun nan da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a sassan jihar. Bugu da ƙari, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abin da ke saura a aljihun direba bayan ya sha mai bai kai ya yi ta sayen kayan gyara a kan zato ba.

To, akwai tambaya guda ɗaya wadda in direba ya amsa ta da kansa, ya yi rabin gyara tun kafin ya ga bakanike. Ita ce: shin kukan nan juyawar inji yake bi, ko kuwa gudun taya? Amsa ta ba ta cin ko kwabo, ba ta kuma bukatar sifana.

Gwaji Na Farko: Mota A Tsaye

A sami fili, a ja birkin hannu, a sa giya a firi, a bar inji ya yi ɗumi. Injin yawancin ƙananan motoci yana juyawa kamar sau 700 zuwa 900 a minti idan yana silo. Sai a taka totur a hankali har ya kai kamar 2,500 ko 3,000, sa'an nan a sake shi. Idan kukan ya tashi tare da inji ya kuma sauka tare da shi, alhali mota ko motsi ba ta yi ba, to laifin yana ƙarƙashin bonet, ba ruwan tayoyi da aksil. Idan kuwa aka yi ta ba da wuta ba a ji kome ba, sai a wuce ga gwaji na biyu.

Gwaji Na Biyu: Mota A Kan Hanya

A zaɓi miƙaƙƙiyar hanya mai kwalta wadda ba tudu ba gangara, ba kuma cunkoso, a rufe rediyo. A kai gudun da kukan ya fi fitowa, misali kilomita 50 ko 60 a awa. Daga nan a lura da abu huɗu. Na ɗaya, a ɗaga ƙafa daga totur a ji ko kukan ya ɗauke. Na biyu, a sauya giya ba tare da an sauya gudu ba, a ji ko muryarsa ta sauya. Na uku, a taka kuloci a bar mota ta gangara da kanta na ɗan lokaci. Na huɗu, a karkata sitiyari kaɗan zuwa dama, sa'an nan zuwa hagu. Amma faufau kada a kashe inji mota tana tafiya don a ji da kyau, domin birki zai yi tauri, sitiyari kuma yana iya kullewa.

Wanda ya riƙe abin da kunnensa ya ji a waɗannan gwaje-gwaje biyu, to ga fassararsa.

Idan Kukan Inji Yake Bi

A gaban inji akwai fambel, shi ne yake juya altaneta mai cajin batir, da famfon fawa sitiyari, da kwamfuresan sanyaya mota, a motoci da yawa har da famfon ruwa. Kowane ɗayansu yana da boris a ciki, kowane boris kuwa yana da ranar gajiya, ƙurar hunturu kuma tana gaggauta ranar.

Da farko a raba kukan fambel da na boris. Fambel da ya saki ko ya yi santsi tsuwwa yake yi mai kaifi, musamman da sanyin safiya ko lokacin da aka taka totur farat ɗaya. Idan aka yayyafa masa ɗan ruwa tsuwwar ta ɗauke na ɗan lokaci, to shi ne. Tsohon fambel mai siffar tsini, idan aka danna tsakiyarsa da babban yatsa inji a kashe, bai kamata ya lotsa fiye da kamar santimita 1 ba. Sai dai ɗaure shi tamau ma ɓarna ce, gama yana jan boris ɗin altaneta da na famfon ruwa gefe guda har su soma kuka. Shafa masa baƙin mai ko man birki don ya yi shiru kuwa, roba yake ci.

Altaneta ta shiga ƙananan motoci sosai ne tun daga 1960, lokacin da kamfanin Chrysler na Amurka ya sa ta a motarsa Valiant a maimakon tsohon dayinamo. Tana juyawa ninki biyu ko uku na juyawar inji, shi ya sa kukanta ya fi na kowa siranta. Hanyar kama ta mai sauƙi ce: a kunna manyan fitilu da fankar cikin mota gaba ɗaya. In kukan ya ƙaru, ita ce ake zargi. Mai gyaran wutar mota zai sa ma'auni: lafiyayyen batir yana nuna kamar bolt 12.6 inji a kashe, da kamar 13.5 zuwa 14.5 inji yana aiki. Akwai wata muguwar al'ada ta cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada caji. A motocin zamani masu ƙwaƙwalwar lantarki wannan yana iya ƙona ta, a je neman gira a rasa ido. Idan kuwa kukan daga cikin sifikar rediyo yake fitowa, ya kuma ɓace da an rufe rediyon, to wayar da aka ɗaura a jikin bodi ce ta yi tsatsa ko ta saki, ko kuwa wani abu ya mutu a cikin altanetar.

Famfon fawa sitiyari shi ma yana tona asirin kansa. Mota a tsaye, a murɗa sitiyari dama da hagu. In kukan ya koma gurnani, a buɗe ɗan tulun mansa a duba. Idan man ya yi ƙasa ko ya yi kumfa, to iska ta shiga, akwai kuma inda yake yoyo, sau da yawa a bakin tiyo. Ƙara mai kawai ba gyara ba ne sai an toshe yoyon. Kada kuma a riƙe sitiyari a ƙarshen murɗawarsa fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Motocin da sitiyarinsu na lantarki ne ba su da wannan famfo, saboda haka ba sa cikin wannan zargi.

Famfon ruwa kuwa, alamarsa ɗigon ruwa ko farin busasshen tabo a ƙarƙashinsa, da girgiɗi idan an kama fulinsa an jijjiga. Wannan ba abin jinkiri ba ne, domin ranar da ya tsaya inji zai tafasa.

Tsofaffin kanikawa suna da dabara biyu a nan. Ta farko, su ɗora bakin dogon sukundireba a jikin kowane abu, su kara marikin a kunne; wanda boris ɗinsa ya mutu sai a ji shi kamar ana niƙa tsakuwa. Mai yin haka lalle ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun taguwa, ya ajiye rawani da carbi, gama fambel da fanka ba su san mai gida ba. Ta biyu, su cire fambel gaba ɗaya inji yana da sanyi, su tayar da shi ƙasa da minti ɗaya. In kukan ya ɓace, mai laifin yana cikin abubuwan da fambel ke juyawa, sai a kashe inji a juya su da hannu ɗaya bayan ɗaya. In bai ɓace ba, sai a duba bel ɗin tayimin da 'yan fulinsa. Wannan bel idan an ɗaure shi fiye da kima yakan yi kuka, kuma a injuna da yawa ranar da ya tsinke fistin zai doki bawul ya lanƙwasa su. Masu ƙera motoci sukan ce a sauya shi bayan tafiyar kilomita 60,000 zuwa 100,000, gwargwadon irin motar.

Saura kukan iska. Tiyon da ke kai iska cikin inji idan ya tsage, ko murfin matatar iska bai zauna daidai ba, sai a ji fito kamar na makiyayi. Haɗarinsa a ƙasa mai ƙura shi ne, ta wannan tsaga ƙura take shiga ba tacewa, ta cinye ringi. Motocin dizal masu tobo kuwa, ɗan fito kaɗan halinsu ne. Amma idan ya koma kamar jiniya, ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ga rashin ƙarfi a tudu, to tobon ya kusa gamawa.

Idan Kuloci Ko Giya Ke Sauya Shi

Kuloci yana ba da shaida iri biyu, kuma ana yawan rikita su. Idan shiru ake ji, sai an taka kuloci kukan ya fito, to ƙaramin boris ɗin da ke danna farantin kuloci ne, abin da ke kashe shi kuwa ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya. Idan kuwa giya tana firi ana jin kuka, da an taka kuloci ya ɗauke, to boris ɗin sandar da ke shiga akwatin giya ne, watau giyabos. Na farko ƙaramin kaya ne mai araha ko da yake sai an sauke giyabos. Na biyu sai an buɗe cikinsa.

A kan hanya, idan giya guda ce kawai take kuka, haƙoranta ne ko boris ɗinta suka ci. A motoci masu ja da baya, irin Peugeot 504 wadda jama'a ke kira Fijo, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, giya ta huɗu takan haɗa inji da farfela kai tsaye. Saboda haka in ana jin kuka a ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ya yi sauƙi a ta huɗu, boris ɗin cikin giyabos ne suka gaji. Kukan ribas shi kaɗai ba ciwo ba ne: a yawancin motoci haƙoransa miƙaƙƙu ne, na sauran giyoyi kuwa a karkace aka yanka su don su yi shiru.

Mota mai giya otomatik tana da famfo a cikin giyabos. Idan manta ya yi ƙasa ko matatarsa ta toshe, famfon yakan yi kuka, giya kuma ta riƙa jinkirin shiga. Lafiyayyen mai a yawancinsu ja ne garau; in ya koma baƙi-baƙi yana ƙauri, an makara ko an kusa. Kowace irin giya otomatik da nata mai, musamman irin da ake kira CVT, wadda zuba mata man da ba nata ba yana kashe ta.

Idan Gudun Taya Yake Bi

Nan ne babbar matsalar motocin lodi take. A motoci masu ja da baya, irin su 504 da Hiace da Hilux da Canter, akwai wata tukunyar ƙarfe a tsakiyar aksil ɗin baya. A cikinta ƙaramin haƙori mai zuwa daga farfela yana juya babban faifai mai haƙora, shi kuma ya raba ƙarfi ga tayoyi biyu. Irin yankan haƙoran nan ya fara shiga motoci ne a Amurka cikin shekarun 1920, kuma halinsa shi ne haƙoran ba danna juna kawai suke yi ba, har da zamewa a kan juna. Don haka suke bukatar mai na musamman mai jure matsi, wanda ake rubuta GL-5 a jikin galan ɗinsa, mai kauri kamar 80W-90 ko 85W-140.

Alamar ciwon wannan tukunya ita ce ainihin kukan da ake magana a kai: a taka totur ya tashi daga baya, a ɗaga ƙafa ya ɗauke, kuma sauya giya ba ya sauya muryarsa muddin gudun bai sauya ba. Wannan haƙoran ne suka ci ko suka goce daga saitinsu. Idan kuwa akasin haka ne, watau sai an ɗaga ƙafa yake kuka, galibi boris ɗin ƙaramin haƙorin ne ya saki. A motoci masu ja da gaba, irin su Golf da Sharan da Corolla, waɗannan haƙora suna cikin giyabos ne, saboda haka daga gaba za a ji kukan.

Abin da ke jawo wannan ciwo a ƙasa irin ta Auna sananne ne. Na ɗaya lodin da ya wuce kima. Na biyu yoyon sil, wanda ƙura take rufewa har ba a ganin ɗigo a ƙasa, sai dai wani baƙin danƙo a jikin tukunyar. Na uku ruwa. A saman aksil akwai wata 'yar kafar numfashi. Idan mota ta yi tafiya aksil ya yi zafi, sa'an nan ta faɗa rafi mai sanyi, iskar ciki takan tsuke ta zuƙo ruwa ta wannan kafa ko ta bakin sil. Man sai ya koma kamar shayi mai madara, ba ya kuma kare ƙarfe. Duk motar da ta ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, ya kamata a duba man aksil da na giyabos a cikin kwanakin nan, kada a jira ƙarshen damina.

Duba man ba wuya. Mota a kan daidaitacciyar ƙasa, a kwance notin da ke gefen tukunyar, a zura ɗan yatsa. Ya kamata man ya kai bakin ramin. Mai son juye tsohon mai ya fara kwance notin zubawa na sama tukuna, domin wanda ya tsiyaye mai sa'an nan ya tarar na sama ya ƙi kwantuwa, ya ɗaure motarsa da hannunsa. Notin ƙasa yakan zo da maganaɗisu. Laushin garin ƙarfe kaɗan a jikinsa ba kome. Amma ɓarɓashi mai kama da tsakin dawa, haƙori ne ko boris yake marmashewa. Giyabos da yawa kuwa GL-4 suke so, saboda zobban tagulla da ke cikinsu, don haka a bi abin da littafin motar ya faɗa, kada a ce mai duk mai ne.

Gaskiyar da ba a son ji ita ce, haƙoran da suka riga suka ci ba sa warkewa da sabon mai. In an kama abin da wuri, sabon mai da sabon sil da sabon boris sun isa. In an bari ya yi nisa, sai an sauya ƙaramin haƙori da babban faifai tare, gama tare aka wasa su tun daga masana'anta, kuma sai gwani ya saita su, yana shafa musu launi yana duba inda suke taɓa juna. Wanda zai sayi na gwanjo ya tabbata yawan haƙoran ya yi daidai da nasa. Mai sayen tsohuwar mota shi ma ya yi hattara, domin akwai masu cika tukunyar da giris mai kauri don ta yi shiru har a gama ciniki.

Boris ɗin taya yana da tasa murya dabam: gunji ne mai kauri wanda yake ƙaruwa da gudu, bai kuma damu da totur ko kuloci ko giya ba. Shi ne gwajin karkata sitiyari yake kamawa. Idan aka karkata hagu nauyin mota yakan koma dama. In gunjin ya ƙaru, galibi na dama ne, haka kuma akasinsa. A ɗaga tayar da jak, a sa waigi, a kama ta sama da ƙasa a jijjiga, a kuma juya ta a saurara. Bayan tafiya, cibiyar tayar da ta fi sauran zafi ita ce mara lafiya. Irin boris mai 'yan sanduna masu tsini da ke cikin tayoyin motocin lodi, Henry Timken ne ya yi rajistarsa a Amurka a 1898, kuma har yau ƙa'idarsa ɗaya ce: giris mai tsabta, da ɗauri ba tamau ba, ba sako-sako ba. Kafin a ɗora wa boris laifi, a shafa tafin hannu a kan tayar. Tayar da ta ci tudu da kwari ita ma tana gunji, sai dai nata yakan sauya idan an sauka daga kwalta zuwa jar ƙasa.

A Gaban Bakanike

Amfanin duk wannan bincike yana bayyana ne a bakin gareji. A ɗauka direbobi biyu ne suka shigo Kontagora da ciwo iri ɗaya. Na farko ya ce, "Maigida, motar nan tana wani irin kuka, a duba mini." Bakanike ya ce, "To, Alhaji, sai mun kwance mun gani." A sauya fambel, kuka na nan, a sauya boris ɗin taya, kuka na nan, a sauke giyabos, kwana uku sun wuce. Na biyu kuwa ya ce, "Maigida, a tsaye ba ta yi. A kan hanya daga kilomita 50 take farawa, daga baya nake ji, in na ɗaga ƙafa sai ta yi shiru, kuma makon jiya na ratsa ruwa." Bakanike ya ce, "Ai Malam ka gama aikin. Yaro, kawo sifana mu ga man aksil." Bambancin da ke tsakaninsu bai wuce sauraro na minti goma ba.

Yana da kyau direba ya ɗauki bakanike su zaga tare ya ji da kunnensa, ya nemi a nuna masa abin da aka cire, kuma a sauya abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Mai kuwa a saye shi a rufaffen galan daga wurin da aka amince da shi. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba wanda ya san asalinsa, araha kuwa ba ta ado. Bakanike na kirki ba ya jin haushin direba mai tambaya. Wanda ya ce a sauya giyabos tun bai ko duba mai ba, a nemi wani ya sake dubawa.

Wanda Za A Lallaɓa Da Wanda Za A Tsaya

Ba kowane kuka ne yake hana ƙarasa tafiya ba. Tsuwwar fambel, da kukan rediyo, da siririn kukan aksil wanda ya daɗe bai ƙaru ba kuma mai yana cike, ana iya lallaɓawa da su a hankali, da ragin lodi, har gareji. Amma akwai alamun da ba a jayayya da su. Idan kuka ya koma niƙa ko ƙwanƙwasa. Idan cibiyar taya ta yi zafin da ba a iya taɓawa ko tana hayaƙi. Idan taya tana girgiɗi. Idan allurar zafi ta hau ko fitilar batir ta kama tare da kukan. Idan ana jin ƙaurin mai daga ƙarƙashin mota. To a sauka gefen hanya a wurin da akwai mutane, a kashe inji. Boris ɗin taya idan ya narke yana iya sakin tayar ɗungum, aksil kuma idan ya bushe yana iya cijewa ya kulle tayoyin baya ana cikin gudu, da fasinjoji a ciki. Asarar lodin yini guda ba ta kai wannan ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Direban da zai yi lodi gobe, yau da yamma ya kamata ya leƙa ƙarƙashin motarsa ya ga ko akwai danshi a jikin giyabos da aksil, ya danna fambel, ya duba man sitiyari, ya kaɗe matatar iska. Kuma ko sau ɗaya a mako ya rufe rediyo ya yi tafiyar 'yan kilomitoci yana sauraron motarsa, don ya san muryarta ta lafiya, ya gane ranar da ta sauya. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

A mako mai zuwa wannan fili zai duba dalilan da ke sa inji tafasa a lokacin bazara. Allah ya kiyaye hanya, ya sauki kowa lafiya.